Takarda ko katin waya: wanne za a ajiye don ranar da komai ya tsaya?

Ɗan'uwa, ka tambaya: in mutum na son tara littattafan da za su taimaki gari ya sake miƙewa bayan komai ya rushe, ba wuta, ba magani, ba kasuwa, ya sayi na takarda ne ko ya cika katin waya, wato memori? Na gwada duka biyun, kuma kowanne ya taɓa ba ni kunya.

Kati dai bai kai farce girma ba, amma yana ɗaukar littafi dubbai. Da manhajar Kiwix kana iya sauke Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci ka karanta ba intanet. Matsalarsa, ba ya tafiya shi kaɗai: sai da waya, waya sai da batir, batir sai da caji. A watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ai kowa ya ga yadda wayoyi suka yi tuli a teburin masu caji. Ko kana da farantin rana, batir kan kumbura da zafin bazara bayan 'yan shekaru. Kuma kati ba ya sallama in zai mutu. Nawa, wata safiya waya ta ce a goge shi, shi ke nan.

Takarda ba ta neman komai sai ido da haske. Maƙiyanta gara da ruwa da ɓera. Na taɓa jingina kwali da bangon laka damina ɗaya tak. Da na buɗe, bangon littattafan na nan lafiya lau, ciki kuwa ƙasa ce zalla. Ruwa ma mun san shi: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa tsohuwar Maraɗi ta tashi daga fadama ta hau tudu. Dabarar mutanen Tumbutu ta fi: a 2012 da 2013 cikin akwatunan ƙarfe suka kwashe rubuce-rubucen kakanninsu zuwa Bamako. Ka samu adaka irin ta amare, ka ɗora kan bulo nesa da bango, ka zuba busasshen ganyen dogon yaro, ka riƙa buɗewa kana kaɗewa.

Ni rabon da na yi ke nan: duk abin da za ka nema cikin dare hannu na rawa, ya zama a takarda. Na farko littafin David Werner na inda babu likita, wanda ƙungiyar ENDA ta Dakar ta buga da Faransanci. Yaro na zawo, ba lokacin neman caji ba ne. Kana son ganin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sai na tsabtace ruwan sha, ajiyar iri, cututtukan dabbobi, da lissafin firamare. Sauran tarkace, taswira da ƙamus da zanen injuna, a bar wa kati, amma kwafi biyu a gida biyu.

Sai dai abin da Maraɗi za ta fi buƙata yawancinsa ba a buga shi ba. Sassabin zamani da Tony Rinaudo, wani malamin gona ɗan Ostiraliya, ya fara yaɗawa a nan wajen 1983, barin kututture ya tofo a rage masa rassa, daga bakin manomi zuwa manomi ya bazu. Yadda magini ke gane inda ruwa yake kafin ya haƙa rijiya, yadda majemi ke jeme fatar jar akuya da bagaruwa, yadda maƙeri ke ƙera hauya, duk suna kan dattawa. Ka sayi littafin rubutu mai kauri guda biyar, ka zauna da su, ka rubuta da Hausa, boko ko ajami, yadda almajiri ma zai karanta. Da fensir za ka yi, don tawadar biro na iya narkewa in ta sha ruwa.