Akwatin gilasan haƙorin ɓera: abin da ya nuna wa ɗalibaina a Garwa

Wata uku ke nan ina koyarwa da wani akwatin gilasan nazari da na saya a shagon kayan kimiyya a nan Garwa, mai ɗauke da siraran yanka 12 na haƙoran ɓera, tun yana cikin uwarsa har ya girma. An rubuta bayanin kowane gilashi da Faransanci, kuma farashinsa bai fi ƙarfin makaranta mai matsakaicin hali ba.

Gilashin da ya biya kuɗin akwatin shi ne yankan tsaye na haƙorin gaba. Haƙoran gaba na ɓera da gafiya da kurege ba sa daina tsiro har mutuwa, kuma na ɓeran ɗakin gwaji yana ƙaruwa da kimanin milimita 2 zuwa 3 a mako, saboda haka haƙori guda yana ɗauke da dukan matakan ginuwarsa, daga gindi inda ake ƙirar sabo zuwa bakin da ya gama ƙwari. A ƙarƙashin madubin kimiyya ana ganin odontobilas, wato ƙwayoyin da ke gina dantin (jikin haƙori mai tauri da ke kewaye da ɓargonsa), sun jeru kamar sahun salla a gefen ɓargon haƙori. Abin da suke fara shimfiɗawa ɗanyen dantin ne, zaren furotin mai laushi da ake kira kolajin, wanda ba shi da ma'adini, kuma a gilashin ya fito a matsayin siririn layi mai haske. Sai a bayan wannan layi ƙwayoyin kalsiyam da fosfat suke fara daskarewa, da farko a cikin wasu 'yan ƙananan jakunkuna da odontobilas suka saki, daga baya kuma a jikin zaren kolajin, da taimakon wani furotin mai yawan fosfat da ake kira fosfoforin, wanda yake janyo kalsiyam. Idan aiki ya kammala, kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyin dantin ma'adini ne, 20 kolajin da danginsa, 10 kuma ruwa. Iyakar da ke tsakanin ɗanye da busasshe ta fito sarai, har ɗalibin da bai cika mai da hankali ba ya nuna ta da kansa.

Sai dai akwai aibin da mai saye ya kamata ya sani. Haƙoran gilasai 11 an jiƙa su a sinadarin da ke narkar da ma'adini kafin a yanka, domin wuƙa ba ta iya ratsa haƙori mai tauri. Ke nan abin da muke son gani, shi aka cire. Inuwarsa kawai ta rage. Farin rufin haƙori, wanda kusan kashi 96 nasa ma'adini ne, ya ɓace ya bar fili, alhali shi ne ke bayyana dalilin kaifin haƙorin: a fuskar gaba kaɗai yake, sai dantin na baya ya riga shi cinyewa, bakin ya zauna kamar na gizago. (Wata ɗaliba ta tambaya ko goro ne ya rina haƙorin gafiya, amma ba goro ba ne, sinadarin ƙarfe ne a cikin wannan rufi.) Gilashi ɗaya tak aka rina da azurfa bisa hanyar von Kossa, inda wurin da ya daskare ya yi baƙi, ɗanyen kuma ya tsaya fari, kuma da ni aka shawarta, da irinsa sun kai huɗu.

Zafin Garwa ma bai bar su ba. A watan Afrilu ƙaron da ya manne murfin gilasai biyu ya saki, kumfar iska ta shiga gefensu. Yanzu ina ajiye akwatin a kwance cikin kabad, nesa da taga, kuma gilashin azurfar nake fara ɗorawa kafin sauran.