Yawon nazarin daji da tafki a Saimaa: jagorar ce ta fanshi kuɗin

Wanda zai biya kuɗin wannan tafiya saboda hoton da ke jikin tallar kamfanin, to ya dakata ya ji. Hoton na norppa ne, wata dabbar ruwa mai zagayayyen kai da dara-daran idanu, kwance a kan dutse tana shan hantsi. Babu irinta a ko'ina sai a tafkin Saimaa da ke kudu maso gabashin Finland. Ni da maiɗakina mun bi wani ƙaramin kamfani mai shirya yawon nazarin daji da tafki a tsakiyar watan Yuli, kuma abin da muka gani na norppa bai wuce wani baƙin kai da ya ɓullo can nesa ya sake nutsewa ba. Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba, albarkacin mutum ɗaya, wato matar da aka haɗa mu da ita ta yi mana jagora.

Zuwa wurin ba wuya. Jirgin ƙasa muka hau daga Helsinki, muka canja a Parikkala, muka sauka a Savonlinna, garin da ke da tsohuwar ganuwar nan ta Olavinlinna da aka fara ginawa a 1475. Motar kamfanin ta kwashe mu zuwa ƙauyen Oravi, inda aka raba mana kwalekwale, filafili, rigar ceto da jakar da ruwa ba ya shiga. Saimaa shi ne tafki mafi girma a ƙasar, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 4,400, da tsibirai wajen 14,000, don haka ba ka taɓa ganinsa a buɗe fayau. Ko'ina ka juya tsibiri ne ya tare maka ido. Mafi yawan zirga-zirgarmu a cikin gandun Linnansaari aka yi, wanda aka keɓe tun 1956.

Jagorarmu ta manyanta, ba ta da yawan magana, dariyarta ma sai an yi da gaske. Ni Malama nake ce mata, ko da yake su can kowa sunansa ake kira gatsau, babba da yaro. Kafin mu taɓa ruwa ta miƙa wa kowa ɗan littafin rubutu, fensir da madubin ƙara girman abu, ta ce duk abin da muka tambaye ta, sai mun fara rubuta abin da idonmu ya gani kafin ta ba da amsa. Da farko na ɗauka tsaurin malanta ne kawai. A tsibirin farko ta tsayar da mu a kan wani falalen dutse mai santsi, ta sa muka durƙusa muka shafa wasu zane-zane da suka miƙe duk ta fuska ɗaya, ta ce mu faɗi abin da ya yi su. Kowa ya kawo nasa. Sai da muka gaji sannan ta warware: ƙanƙara ce mai kaurin kilomita 2 ko fiye ta rufe ƙasar baki ɗaya, tana jan tsakuwa a ƙarƙashinta tana karce dutsen. Nauyinta ya danne ƙasa, da ta narke shekaru kusan 10,000 da suka wuce sai ƙasar ta shiga ɗagowa a hankali, kamar katifar da mai nauyi ya tashi daga kanta. Har yau ba ta gama ba. A gaɓar tekun yammacin ƙasar tana ɗagowa kusan santimita 1 a shekara.

Daga wannan dutse guda Malama ta jawo duk sauran darasin, kuma nan ne na ga bambancin ƙwararre da mai haddar takarda. Ɗagowar ƙasar ce ta raba Saimaa da teku, ta kulle kakannin norppa a cikin ruwan daɗi. Ita ce kuma ta karkata tafkin har ruwa ya ɓalle ta kudu maso gabas shekaru kimanin 5,700 da suka shige, ya haƙa kogin Vuoksi da ke malala zuwa tafkin Ladoga a Rasha, ruwan Saimaa ya ja baya. Ranar da aka kai mu gandun Kolovesi, inda aka hana jiragen ruwa masu inji, muka tsaya ƙarƙashin dutsen Ukonvuori muna ɗaga kai muna neman jan zanen mutum da mutanen zamanin da can suka bari. Maiɗakina ta taɓa ni ta ce, “Malam, to su da tsani suka hau?” Kafin Malama ta buɗe baki wani yaro a cikinmu ya ce ai lokacin ruwan ya fi haka tudu. Ranar ce na ga haƙoranta.

Dajin kansa, idan babu mai nuna maka, kwana ɗaya ya ishe ka gajiya da shi, don itatuwa uku ne suka mamaye shi: mänty mai jan ɓawo da ke son yashi da kan dutse, kuusi mai duhun inuwa da ke son laima, sai koivu mai farin jiki. Malama ta koya mana karanta ƙasa daga itacen da ke kanta. Inda koivu ya yi yawa a babban tsibirin Linnansaari, ta ce a duba da kyau, tsohuwar gona ce. Mutanen yankin Savo sun daɗe suna sare daji su bar shi ya bushe, su cinna masa wuta, su shuka wani hatsi dangin alkama da suke kira ruis a cikin tokar, in ƙasa ta gaji su matsa gaba. Akwai tsohon gidan gona a tsibirin da hukumar gandun daji ta Metsähallitus ke kula da shi, har yanzu ana ɗan yin irin wannan noma don kada ya ɓace. Ta kuma hana mu taka wani farin abu mai kama da busasshiyar gansakuka da ya shimfiɗu a kan duwatsu. A ƙarƙashin madubi sai ka ga rassa ƙanana birjik. Halittu biyu ne suka haɗu suke rayuwa tare, kuma 'yan milimita kaɗan yake ƙaruwa a shekara, sawun takalmi guda sai ya ɓata abin da ya yi shekaru yana tsirowa.

Dokar ƙasar ta ba kowa, har baƙo, damar shiga daji ya tsinki 'ya'yan itatuwa da lemar kwaɗi ba tare da neman izinin mai fili ba, muddin bai kusanci gidan mutane ko ya yi ɓarna ba. Hura wuta kuwa sai a inda aka tanada, kuma in an yi gargaɗin gobarar daji an rufe zancen. Mustikka, wasu 'ya'ya shuɗɗa ƙanana masu rina baki, sun fara nuna lokacin da muka je, muka ci har harshe ya canja launi. Lemar kwaɗi kam ba ta yarda kowa ya jefa a kwando ba sai ta juya ta ta duba ƙasanta, saboda akwai mai kisa a cikinsu.

Tsuntsaye sun biya mu abin da norppa ta hana. Mun ga shahon nan mai kamun kifi, wanda shi ne tambarin gandun Linnansaari, ya faɗo ruwa da ƙafafu ya tashi da kifi ya nufi sheƙarsa a ƙololuwar itace. Da sanyi ya kawo jiki zai bar ƙasar, da yawansu Afirka ta Yamma suke yin hunturu. Da dare kuma kuikka, wani tsuntsun ruwa, ke kuka a kan tafkin, kuka mai tsawo da ya hana maiɗakina barci daren farko.

A kan norppa, Malama ta faɗa mana gaskiyar da ya kamata a ce ofishin kamfanin ne ya faɗa tun kafin mu tura kuɗi. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni ne suke hawa duwatsu suna sake gashi, lokacin ake ganinsu. A Yuli suna cikin ruwa. Kuma duka-duka kimanin 500 ne a tafkin, bayan a shekarun 1980 ba su kai 200 ba, duk da an hana farautarsu tun 1955. Cikin tudun dusar ƙanƙara suke haihuwa a ƙarshen hunturu, shi ya sa shekarar da dusar ta yi ƙaranci masu sa kai ke fita da shebur su tara musu, kuma ana taƙaita kamun kifi da raga daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuni don kada jarirai su sarƙe su mutu. Ko da kan nan ya ɓullo, ba ta bari mun matsa ba. Na ji haushi a lokacin, amma ita ke da gaskiya. Laifin na mai talla ne.

Ba shi kaɗai ne laifin ofishin ba. Sun rubuta cewa tuƙin mai sauƙi ne, ya dace da wanda bai taɓa riƙe filafili ba. A ruwa mai kwanciya haka ne, amma ranar da iska ta taso a wani buɗaɗɗen wuri kafaɗuna sun gaya mini, wata dattijuwa ma sai janta aka yi da igiya. Sannan mun rubuta musu tun da wuri cewa ba ma cin naman alade, suka amsa da to, amma saƙon bai kai ga mai girki ba. Daren farko tsiran alade aka gasa. Akwai kuma kalakukko, burodin yankin mai kifi a ciki, wanda ake sa masa kitsen alade, duk mai kiyayewa ya tambaya kafin ya gutsura. Malama da kanta ta kira waya aka gyara, daga nan muka koma kan soyayyen muikku, ƙananan kifin tafkin, da dankali da baƙin burodi, kuma ba mu yi asara ba.

Sauro akwai shi, ba ya sa zazzaɓin cizon sauro amma yana cizo ba tausayi, musamman inda iska ba ta kaɗawa. Kaska ta fi shi haɗari don tana ɗauke da cuta, kowane dare sai an duba jiki. Tantunan masu kyau ne, ruwan sama bai ratsa ba. Sauna, ɗakin gumin nan nasu, an raba lokacin maza da na mata, kuma ba wanda ya ce uffan da na shiga da gajeren wando.

Abin da ban ga an ambata a takardunsu ba shi ne haske. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare, wajen ƙarfe 4 ta fito, tsakaninsu kuma jan shafaƙi ba ya gushewa. Mai salla ya nemi bayanin malamai kan lokacin lisha da asuba tun yana Helsinki, ya kuma zo da abin rufe ido, don cikin tanti tsakar dare kana iya ganin tafin hannunka.

Ranar ƙarshe an bi da mu ta Punkaharju, wani siririn tudun yashi da tsakuwa mai tsawon kusan kilomita 7 da kogin ƙarƙashin ƙanƙara ya bari a tsakiyar ruwa, da gidan tarihin daji na Lusto. An yi mana gaggawa a nan saboda jirgi, wurin ya cancanci yini guda.

Kuɗin da yawa, da Yuro ake biya, kuma bai haɗa da jirgin ƙasa ba. Ga malamin makaranta, ɗalibin kimiyya, ko iyali masu yaran da suka iya ruwa, na ce a je. Mai son hoton norppa ya nemi ƙarshen Mayu ya zo da rigar sanyi. Kafin ka biya, ka tambaye su wanda zai yi jagora da abin da ya karanta, nisan tuƙin kowace rana, da abin da suke yi in iska ta taso, maganar abinci kuma ka sa su tabbatar maka a rubuce cewa ta isa wurin mai girki.