Ragar inuwa ko ragar kamun kifi: wacce za a rufe kwamin kifi da ita a Yamai?

Ɗan'uwa mai kwamin siminti mita 3 a kan 2, mai karfasa da tarwaɗa, wanda karfasa ke raguwa a cikinsa ruwan kuma ya koma kore shar: tsakanin ragar kamun kifi da ragar inuwa da kake tambaya, ragar inuwa za ka saya. Mai tare kashi 50 cikin ɗari na hasken rana, baƙa ko koriya, irin wadda masu renon itace ke rufe rumfunansu da ita, masu shago na ce mata ombriyer.

Ragar kamun kifi tana tare tsuntsu, iyakarta ke nan. Rana na ratsa ta kamar babu komai, zarenta na lalacewa cikin zafi, kuma da ganyen dogon yaro ya taru a kanta sai ta lotsa ta taɓa ruwa, zalɓe ya tsaya a bisa ya riƙa caka baki ta cikin ido. Tana da araha dai.

Ita gansakuka, wadda ke mai da ruwan kore, abu biyu take ci: hasken rana, da abin da ya narke cikin ruwa na kashin kifi da ragowar abinci. A Afrilu da Mayu zafin Yamai na haura digiri 40, kwamin da ke fili kuwa yana shan rana tun hantsi har la'asar. Ragar inuwa na rage hasken da rabi, ruwa ya daina ɗumi kamar na wanka, kore ya daina kauri. Sannan ga kariya daga sama: shirwa ba ta da inda za ta kai sura, zalɓe da balbela ba su da wurin sauka. Wanda ke kusa da kogi, wajen Saga mai fadamun shinkafa ko Gudel ko Harobanda, ya fi kowa sanin wannan ɓarna. Zalɓe da asuba yake zuwa kafin gida ya tashi, ya tsaya cik kamar sanda. Shaidarsa ita ce farin kashi a bakin kwami, da kifi mai huda ɗaya a gadon baya wanda ya kuɓuce masa.

Amma a gane, ba kashe kore gaba ɗaya ake nema ba. Karfasa na cin wannan koren, abinci ne na kyauta. Shi ya sa ban ce ka sayi mai kashi 80 ko 90 ba, duhunta ya yi yawa. Awon mai sauƙi ne: da rana tsaka ka tsoma hannu tsaye, tafin yana kallon sama. In kana ganin tafin har ruwa ya kai gwiwar hannu, wajen santimita 30 zuwa 40, lafiya lau. In ya ɓace tun ruwa bai wuce rabin hanya zuwa gwiwar hannu ba, koren ya wuce kima. Haɗarinsa da dare ne: gansakuka na ba da iskar numfashi da rana, da dare kuma ita ma sha take yi, sai gab da asuba ka tarar karfasa sun taso sama suna buɗe baki. Tarwaɗa na jurewa don tana iya shaƙar iska daga sama, karfasa kuwa a nan take mutuwa. Haka kuma in hazo ko gajimare ya rufe rana kwana biyu zuwa uku, koren kan mutu lokaci guda, ruwa ya koma ruwan ƙasa, ya fara wari.

Yadda ake ɗaurawa shi ne rabin aikin. Mai walda ya yi maka firam na ƙarfe, ko ka kafa sanduna masu ƙarfi, ragar ta tashi aƙalla mita 1 daga saman ruwa don iska ta ratsa kuma hannu ya samu shiga wajen ba da abinci. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kamar santimita 30, ganye da ƙura su riƙa zamewa. A ja waya biyu ko uku a ƙarƙashi su tallafe ta, a ɗaure baki kowane santimita 30, a kuma naɗe bakin ninki biyu kafin a huda. Wanda ya ɗaure kusurwa huɗu kawai, iskar farkon damina, wadda ke tahowa da jar ƙura gaban hadari a Mayu da Yuni, za ta kai masa ragar gidan maƙwabci.

Inda ragunan biyu suka gaza tare shi ne ƙasa. Guza, maciji, mussa da kwaɗi ba ta sama suke zuwa ba. Nan sai ragar ƙarfe, giriyaj mai ƙaramin ido kamar santimita 1, a kewaye daga bakin kwami har ta haɗu da rufin, ba tare da an bar kafa ba, don guza gwanin hawa ne. In kwamin a cikin ƙasa yake, a binne gindinta santimita 20. Ƙofa ta samu sakata da kwaɗo, saboda akwai mai ƙafa biyu da ya fi guza sanin lokacin da kifi ya isa ci, ga kuma yara ƙanana da ruwa mai zurfin mita. A bar santimita 30 zuwa 40 tsakanin ruwa da bakin kwami, tarwaɗa na tsalle ta fice daren da aka yi ruwan sama. A jefa guntayen tiyon PVC mai faɗin milimita 110, tsawon rabin mita, ko fasasshen tulu, kifi ya samu maɓoya.

Tun da ka haɗa karfasa da tarwaɗa, duba cikin gida kafin ka zargi tsuntsu. Babbar tarwaɗa na haɗiye duk abin da ya shiga bakinta, har ƴan'uwanta. In suna ƙanana a tace su kowane mako biyu, a ware waɗanda suka yi fice.

Inuwa ba za ta yi aiki ita kaɗai ba in ana zuba abinci barkatai. A ba su abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15, sau biyu a rana, abin da ya rage a kwashe. Kwaminka in zurfin ruwansa mita 1 ne, lita 6,000 ke nan. Kowane mako a zuƙe kashi 20 cikin ɗari daga ƙasa inda dattin ya kwanta, wato lita 1,200, duro shida masu lita 200, a kai wa zogale ko garka, taki ne. Ruwan pompo ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kafin a zuba, warin jabel ya fita. Gansakuka mai zare, wadda ke manne a bango, a naɗe ta da sanda kamar ana naɗe taliya. Kainuwa na taimakawa wajen shanye datti, amma a tsare ta cikin zoben tiyo kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na saman ruwa, dashen Allah ce, in an sake mata sai ta rufe ko'ina. Pompo mai fitilar UV, wato fitilar da haskenta ke kashe gansakuka, yana share koren ruwa, ba ya taɓa mai zare, yana son wuta dare da rana, ga sauya ƙwan kusan kowace shekara. Na masu kifin ado ne.

Hattara wajen saye, a Katako ne ko a wani wuri. Akwai mai ce maka kashi 50 ne alhali da ka ɗaga ta sama ido na kallon rana sarai. Nemi takardar da ke manne a naɗin, ta nuna kashin inuwa da cewa an yi mata maganin rana. Marar maganin ba ta cika ganin bazara ta biyu ba, sai ta riƙa marmashewa cikin ruwa. Yanki ɗan gefe ka ja: saƙa mai kyau ba ta warwarewa. A auna tsawon a gabanka, da mitarka. Mai tallar shuɗin gari wai maganin gansakuka, sinadarin tagulla ne, ɗan ƙari kaɗan ya kashe kifi, ko bai kashe ba koren da ya mutu farat ɗaya zai ruɓe ya shanye iskar ruwan. Kada kuma wani ya ba ka shawarar rufewa da gidan sauro na rabo. Maganin ƙwarin da ke jikinsa guba ne ga kifi, ruwan sama na wanko shi cikin kwami.

Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da dare kan sauka ƙasa da digiri 20, karfasa na rage ci, ruwa na son rana. Sai a naɗe rabin ragar inuwar ta ɓangaren da rana ta fi bugawa. A wannan gurbin ne kawai ragar kamun kifi ke da aiki: ƙyalle mita 2 mai ido santimita 2, a ja shi tamau a kan firam ɗin, a cire da zarar zafi ya fara dawowa a ƙarshen Fabrairu.