Hattara da masu goge tsohuwar wayar ƙarfe ta jirgin ruwa su ce sabuwa ce

Gargaɗi ga duk mai shirin sayen tsohon jirgin ruwa mai filafilai: akwai dillalan da ke rubuta a tallarsu cewa "an sabunta wayoyi da sitiyari duka", alhali ba su canza ko noti ɗaya ba. Wayoyin da ake nufi su ne na ƙarfe marar tsatsa da ke riƙe da turken filafilai, wato doguwar sandar da filafilan ke rataye a jikinta. Wanke ƙarafan suke yi da ruwan asid mai cire tsatsa, su goge su har su ɗauki ido, su naɗe mahaɗai da sabon farin tef, sannan su ƙara kuɗi a kan jirgin. Wasu har da rasit na bogi da takardar duba jirgi da wani abokin cin mushensu ya sa wa hannu.

Abin da ya sa damfarar ke ci shi ne yadda ƙarfe marar tsatsa yake lalacewa. Wani siririn rufi ne ke kare shi, kuma rufin nan sai da iskar oksijin yake ɗorewa. Inda iska ke kaɗawa, ƙarfen zai yi ta sheƙi shekara da shekaru. Inda ruwan gishiri ya kwanta ba iska, can yake cinyewa a ɓoye: cikin bakin ƙarfen da aka matse a ƙarshen waya, musamman na ƙasa da ruwa ke gangarowa cikinsa, da kuma farantan ƙarfen da wayoyin ke ɗaure a jikinsu, daidai inda suka ratsa daɓen jirgi. Kyan ɗan maciji ke nan. Waya ɗaya ta tsinke cikin iska mai ƙarfi, turken filafilai na iya faɗowa gaba ɗaya, kuma mutane ne a ƙarƙashinsa. Wannan ne ke ƙona mini rai, domin wanda ya goge wayar ya san da haka.

Masu sana'ar suna ba da shawarar a canza waɗannan wayoyi bayan shekara 10 zuwa 15, kuma kamfanonin inshora da dama suna tambayar shekarunsu. To, ka nemi rasit mai kwanan wata da sunan wanda ya yi aikin, ka nemo lambarsa da kanka, ba wadda dillali ya ba ka ba, ka kira shi ka ji. Mai duba jirgi kuma kai za ka ɗauko naka, kai za ka biya shi.

Ka sa a cire tef ɗin nan duka. Ka bi bakin kowane mahaɗi da gilashin ƙara girma, kana neman tsaga mai kama da gashi, ko kumburi, ko jan tabon da ke tsattsafowa daga ciki. Akwai jan fenti na musamman da ake fesawa ya shige tsagar da ido ba ya gani. Sannan ka nemi a zaro faranti ko guda ɗaya a ga tsakiyarsa. Mai gaskiya zai iya yin ƙorafin wahala, amma zai yarda. Wanda ya ce akwai mai saye na jira, ka ba da kafin alƙalami yau ko ka rasa, ka bar masa kayansa.

Sitiyari ma haka. Ba a gane lafiyarsa daga sama. Sai ka shiga ƙarƙashi da tocila, wani ya riƙa juya shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ka bi wayar sitiyarin da tsumma, kar ka sa hannu tsirara. In tsumman ya maƙale, silin waya ya karye. Sabon giris mai kauri a kan tsohuwar sarƙar sitiyari abin tuhuma ne, goge shi ka ga abin da ya rufe. In an fito da jirgin kan tudu, ka girgiza allon juya jirgin, ka duba ko ruwa mai tsatsa na ɗiga daga jikinsa. Ka kuma ce a kawo sandar tuƙi ta gaggawa, wadda ake tuƙi da ita in sitiyari ya lalace, a saka ta a gabanka, don wata ko shiga raminta ba ta yi.

Masu sayar da kayan gyara ta intanet su ma da tasu: ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 suke turowa da sunan mai lamba 316. Na 316 yana da sinadarin molibdenam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ke ƙara masa juriyar gishiri, kuma ido ba ya bambanta su. Maganaɗisu ma ba ya raba gardama a nan. Ka sayi wanda ke da sunan kamfani da adadin nauyin da yake ɗauka a rubuce, daga wurin da za ka iya mayar da kaya.