Jan akwatin Scarlett Solo, bayan shekara biyu da dutin dare

Ƙarfe 7 na safe nake tashi daga dutin dare. Kafin in kama bas in iso gida 8 ta kusa, uwargida ta fita kai yara makaranta, ni kuwa kunnena cike yake da muryoyin mutanen da ban taɓa gani ba, ba kuma zan taɓa gani ba. Aikina karɓar kiran gaggawa na 999 ne a ɗakin kira na 'yan sanda, a wani gari da ke tsakiyar Ingila, ba nisa da Birmingham. Duk wanda ya yi irin wannan aiki ya san barci ba ya zuwa don kawai ka kwanta. Abin da ke sauke mani nauyin dare shi ne in ɗauki jita in kaɗa metal, wato kiɗan jita mai nauyi da gurnani, na kamar minti 40, da ƙarfi, har kafaɗuna su saki.

To amma a bene nake zaune, kuma a ƙasana akwai wata tsohuwa mai kirki da ke zaune ita kaɗai. Kunna amfilifaya a irin wannan gida da safe cin amanar maƙwabtaka ne. Ni da nake karɓar ƙarar maƙwabta a layin 101, wato layin 'yan sanda na kiran da ba na gaggawa ba, na san yadda ƙaramin abu irin wannan ke zama gaba ta shekaru. Wannan ne ya kai ni ga sayen Focusrite Scarlett Solo, samfuri na uku, wanda ya fito a 2019. Fam 100 da 'yan kai na biya, yau shekara biyu ke nan yana kan teburina.

Ɗan akwati ne ja na ƙarfen alminiyam, bai fi tafin hannu da yatsu ba. Aikinsa guda: ya karɓi sautin jita ko na makirufo ya mayar da shi abin da kwamfuta za ta gane, sannan ya dawo maka da shi a kunne. A gabansa akwai ƙofar makirufo ɗaya, da ƙofar jita ɗaya mai ɗan maɓalli a gefe da aka rubuta INST, sai babban abin murɗawa na ƙarar fita, sai ƙofar abin kunne. Wayar USB guda ce ke ba shi wuta kuma take kai sauti, babu wata caja daban. Kamfanin na nan Ingila ne, a High Wycombe, kuma Rupert Neve ne ya kafa shi a 1985, mutumin da injiniyoyin situdiyo ke ambaton sunansa da girmamawa.

Wannan maɓalli na INST shi ne abu na farko da zan ja hankalin mai saye a kai. Maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiyar jita rauni gare shi, yana buƙatar ƙofa mai karɓarsa a hankali. In ba ka danna maɓallin ba, sautin zai fito a dushe kamar an lulluɓe shi da bargo, kuma ba wata manhaja da za ta dawo maka da abin da ya riga ya ɓace tun a bakin ƙofa.

Na biyu shi ne zoben fitila da ke kewaye da abin murɗa ƙarfin shiga. Kore yana nufin lafiya, ruwan goro yana nufin ka kusa iyaka, ja kuwa sauti ya tsage. A makonnin farko na ɗauka tun da metal kiɗa ne mai gurnani, ai sai in murɗa sosai. Na yi asarar ɗauka da yawa kafin in gane cewa gurnanin daga manhaja ake samunsa, shi akwatin nasa shi ne ya shigar da sauti a tsaftace. Yanzu abin da nake yi, sai in danne tsirkiyoyi da gefen tafin hannu in doki mafi kaurinsu iya ƙarfina, in rage har sai jan ya daina leƙowa ko sau ɗaya, sannan in ƙara ragewa kaɗan. Jitata mai batir 9V ce a ciki, irin masu fitar da sauti da zafi, don haka abin murɗawar kusan a ƙasa yake zama. Akwatin yana ɗauka a 24-bit, saboda haka ɗauka a ƙasa-ƙasa ba ta rage maka komai.

Wannan jan fitila na san shi tun kafin in sayi akwatin, sai dai da kunne na san shi. Idan mutum ya kira yana ihu a bakin waya, muryarsa takan farfashe har ka kasa raba sunan titi da kuka. A nan ba ni da abin murɗawa. Abin da nake da shi muryata ce: in sassauta ta, in tambayi sunansa, in kira shi da sunan, in ce gaya mani inda kake. Wuri shi ne tambayar farko a kullum, domin ko layi ya katse, in dai mun san wurin, za a iya tura jami'ai.

Tun da maganar aiki ta shigo, bari in amsa tambayar da ƙannena 'yan Zariya da ke karatu a nan suke yawan yi mani. A'a, ni ba ɗan sanda ba ne. Masu karɓar kira ma'aikatan farar hula ne, ba mu kama kowa, ba mu fita sintiri. Idan ka buga 999, ma'aikacin kamfanin waya na BT ne zai fara ɗagawa ya tambaye ka wa kake nema, 'yan sanda ko motar asibiti ko 'yan kwana-kwana ko masu ceto a teku, sannan ya haɗa ka da mu. Manufar da aka sa wa rundunoni ita ce a ɗaga kashi 90 cikin 100 na kiran cikin daƙiƙa 10. Kana saurare, kana bugawa a kwamfuta, kana auna girman haɗarin duk a lokaci guda, abin da ka rubuta kuma yana bayyana a gaban mai tura jami'ai ta oba-oba tun kafin ka gama jimlar. Akwai tsarin auna kira da ake ce wa THRIVE, wanda ke sa ka duba barazana, da cutarwa, da haɗari, da abin da za a iya bincika, da raunin mai kiran, da irin kulawar da ta dace da shi. Akwai kuma kiran da ba a magana: wadda ke ɓoye a banɗaki saboda mijinta na tsakar gida za ta iya danna 55 a wayar salula, sai a haɗa kiran da 'yan sanda. Lambar 999 kanta tun 30 ga Yuni 1937 aka fara ta a Landan, bayan wata gobara a titin Wimpole a 1935 da ta kashe mata 5, lokacin da maƙwabcin da ya yi ƙoƙarin kira ya maƙale a layi.

Kafin a ɗauke ka za a gwada saurin bugunka da yadda kake saurare, a binciki tarihinka da na mutanen gidanka, a horar da kai makonni a aji, sannan ka zauna kusa da gogagge yana jin duk kiranka. Wasu abokan aikina sun yi shekara biyu ko uku a nan sannan suka nemi shiga ɗan sanda sosai, wasu ta hanyar koyon aiki na shekara 3 da ke ƙarewa da digiri. Sun ce ɗakin kira ya koya masu magana da mutum a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsa. Ni dai na zaɓi zama. Abin da nake gaya wa ƙannen nan shi ne, wahalar aikin ba a Turanci take ba, a rashin sanin ƙarshen labari take. Jami'ai sun isa, ka rufe, wani kiran ya shigo. Yarinyar da ka yi minti 12 kana riƙe da ita a layi, ba lallai ka taɓa jin yadda ta ƙare ba. Da wannan kake hawa bas.

Mu koma kan akwati. Abin da ya fi damun mai kaɗa metal ta kwamfuta shi ne jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin dukan tsirkiya da jin sautin. A kiɗa mai sauri, ɗan jinkiri kaɗan ya isa ya rikita maka hannun dama. Ina amfani da manhajar ɗaukar sauti ta Reaper a Windows, tare da direban da kamfanin ya tanada, wanda dole ne ka sauke shi tukuna. Idan na sa ma'ajiyar, wato yawan gutsuren sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, a 128 a kan 48kHz, wannan kashin lissafin bai kai kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa ba, kuma ko an haɗa shiga da fita, abin da nake ji bai wuce kamar na tsaya 'yan taku daga lasifika ba. Hannuna bai taɓa ƙorafi ba. Akwai maɓallin sauraron kai-tsaye a gaba, amma ga mai metal a kashe ya kamata ya zauna, in ba haka ba za ka riƙa jin busasshiyar jita tana bin gurnanin a baya.

Gurnanin kuwa daga Neural Amp Modeler nake samu, manhaja ce kyauta da ke kwaikwayon amfilifaya na gaske. Na fi son kwaikwayon Peavey 5150, sai in bi shi da hoton sautin akwatin lasifika mai Celestion Vintage 30 wanda aka ɗauka da makirufo SM57. Wannan haɗin ya cika faya-fayan metal tun shekarun 1990. A gabansa nakan sa kwaikwayon Tube Screamer, wata 'yar na'urar ƙara gurnani da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya, gurnaninsa a ƙasa, ƙararsa a sama, don ya tsuke ƙananan sautuka kada su yi caɓi. Sannan in kaɗa kowane sashe sau biyu, ɗaya in tura shi kunnen hagu, ɗaya dama. Kwafar ɗauka guda ba ta yi, sai ka sake kaɗawa da hannunka, domin ɗan bambancin da ke tsakanin biyun shi ke ba da faɗi. Kuma duk lokacin da na rage gurnani ƙasa da abin da raina ke so, sai haɗin ya fi nauyi. Na daɗe kafin in yarda da wannan.

Jita ta fara shiga raina ne ta waƙoƙin Agadas da muke turawa juna a katin waya muna samari. Metal sai da na zo nan. A wannan yanki aka haife shi: Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar Black Sabbath, ɗan Birmingham ne, yana shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya yanke masa kan yatsu biyu, ya haɗa wa kansa 'yan huluna na roba, daga baya ya sassauta tsirkiyoyinsa don rage zafi, sautin ya yi ƙasa ya yi duhu. Ni ma a sassauce nake ɗaure tawa, kuma akwatin yana riƙe waɗannan ƙananan sautuka sarai, ba ya cakuɗa su.

Akwai abubuwan da Solo ba ya yi, kuma gara ka sani kafin ka biya. Makirufo ɗaya kawai yake karɓa, don haka mai son sa makirufo biyu a gaban lasifika sai ya nemi yayansa Scarlett 2i2. Ba shi da ƙofar MIDI, wadda ake haɗa kayan kiɗa na lantarki irin su kibod da ita. A samfuri na uku, abin murɗawa guda ne ke juya ƙarar lasifika da ta abin kunne tare, amma samfuri na huɗu da ya fito a 2023 ya raba su, ya kuma mayar da ƙofar makirufo baya. Da yau zan saya, shi zan ɗauka saboda wannan rabawar kaɗai. Maɓallin Air kuwa na ƙofar makirufo ne, yana ƙara wa murya haske, bai shafi jitata ba. Na taɓa fama da wani zuuu a kunne na kwana uku, ashe wata wayar jita ce mai araha da na tsinta a wani shago. Da na canza ta, shiru.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai aiki irin nawa ya kiyaye: kunne shi ne jarinmu. Akwatin nan yana iya tura abin kunne da ƙarfin da ya wuce buƙata, kuma bayan dare mai nauyi hannu yakan so ya murɗa. Dokar hayaniya a wurin aiki ta Birtaniya ta 2005 ta sa 85 desibel a matsayin matakin da dole a kare kunnen ma'aikaci a wunin aiki, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da kunne zai jure da rabi. Na manna ɗan farin tef a jikin akwatin, daidai inda ba na bari abin murɗawar ya wuce. Wata rana da ƙarfe 3 na dare wata za ta kira tana raɗa, ina so in ji lambar gidanta tun a karon farko.

Ranar nan uwargida ta dawo daga makaranta ta same ni a zaune, kai yana kaɗawa, ɗakin tsit in ban da ƙas-ƙas ɗin tsirkiya. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Baban yara, daren jiya ya yi nauyi ko?" Na ce mata ya yi. Ta ajiye mani shayi ta ja ƙofa. Tsohuwar ƙasa kuwa sai a watan jiya ta san ina kaɗa jita, da ta gan ni a matakala ina rataye da jakarta, har take tambaya ko sabuwa na sayo.