Faifan Silikon Na Ƙara Wa Reza Kwana: Yana Wanke Baki, Amma Ba Ya Wasa Shi

Daga cikin kayan aski da ake tallatawa a intanet akwai wani ɗan faifai na silikon, wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba, da masu sayar da shi ke cewa yana ninka kwanan reza idan ana goga ta a kansa bayan kowane aski. Kamfanoni daban-daban ne suke ƙera shi, amma kusan duk siffarsu ɗaya ce, wato shimfiɗar roba mai taushi a kan gindin filastik. Na gwada shi ne da reza mai baki biyu, irin wadda ake kwance mariƙi a ɗora ta sannan a ɗaure, kuma a kan wannan nau'in reza kaɗai hukuncina ya tsaya.

Yadda ake amfani da shi ba shi da wahala. Ana ɗiga ɗan kumfar aski ko ruwan sabulu a kan faifan, sai a tura rezar gaba, wato akasin yadda ake jan ta a fuska, domin kada bakin ya yanki robar. Bayan an tura ta 'yan lokuta sai a ɗauraye da ruwa. Ta fuskar ƙira ba ni da abin kushewa, domin faifan ba ya zamewa a kan abin wanke hannu, ba ya riƙe wari, kuma wanke shi ba ya cin lokaci.

Amfaninsa na gaskiya shi ne tsaftacewa. Bayan aski, busasshen sabulu da maiƙon fata da guntayen gashi suna maƙalewa a gefen bakin reza, kuma idan ruwan da ake amfani da shi mai zartsi ne yakan bar wani farin datti a kan ƙarfen bayan ya bushe. Wannan datti yana sa reza ta riƙa jan gashi tun kafin ta dakushe, sai mai aski ya ɗauka ta mutu ya jefar da ita alhali da sauran kaifinta. Faifan yana kwashe wannan datti, kuma askin da ya biyo baya yakan fi santsi. A nan ne, a ganina, yabon da ake yi masa ya samo asali: mutum ya ji bambanci a fuskarsa, sai ya zaci an wasa masa reza, alhali wanke ta kawai aka yi.

Matsala ta farko ita ce faifan an tsara shi ne don rezar zamani mai jerin bakuna a cikin kan filastik, wadda fuskarta a miƙe take. Reza mai baki biyu kuwa a lanƙwashe take tsakanin murfi da sandar kariya, kuma bakinta ba ya taɓa fata sai an karkata mariƙin zuwa wajen digiri 30. Idan ba a dace da wannan karkata a kan faifan ba, murfin ne ko sandar kariyar ke gogar robar, bakin kuwa yana sama bai taɓa komai ba. Ko an dace ma, fuska ɗaya ce ta bakin ke samun gugar, ɗaya fuskar sai an kwance an juya rezar. Wanda ya ce zai cire ta ya riƙe da yatsu ya goga, ya sani yana riƙe ne da ƙarfe mai kaurin kusan milimita 0.1 da ke yanka ta gefe biyu, ga kuma santsin sabulu a hannu. Ban ga tanadin da ya kai a yi wannan kasada dominsa ba.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, domin ta shafi yadda reza ke dakushewa tun asali. Lokacin da King Camp Gillette, wanda ya kafa kamfanin reza na Gillette, ya samu lasisin mallakar ƙirar rezarsa a Amurka a 1904, rezojin da ake yi na ƙarfe ne mai saurin tsatsa, kuma babu wani shafe a bakinsu. Irin wannan baki yakan ɗan tanƙware ko ya kama tsatsa cikin ɗan lokaci, don haka goga shi a kan jemammiyar fata yana miƙar da shi ya kuma share tsatsar, kamar yadda ake yi wa aska. Shi ya sa a wancan zamani na'urorin goga reza masu hannun juyawa, irin su Twinplex, suka samu karɓuwa, kuma aikinsu na gaske ne. Al'amarin ya sauya a 1962, lokacin da kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza ta ƙarfe mara tsatsa, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Rezojin yau ana shafa wa bakinsu abubuwa irin su kuromiyam ko filatinam don ƙarin ƙarfi, sannan a ɗora siririn shafen sinadarin PTFE, wanda aka fi sani da Teflon, domin bakin ya ratsa gashi ba tare da turjiya ba. Kaso mai yawa na santsin sabuwar reza daga wannan shafe yake fitowa, kuma duk wata guga, ta roba ce ko ta tawul ko ta tafin hannu, ba ta iya mayar da shi, sai dai ma ta ƙara cinye shi. Wannan ne dalilin da wasu masana'antu ke gargaɗi a jikin takardar rezarsu cewa kada a goge bakin.

Akwai kuma binciken da masana a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a mujallar Science a 2020, inda suka duba bakin reza da na'urar hangen ƙananan abubuwa yayin da yake yanka gashi. Sun gano cewa duk da gashi ya fi ƙarfen taushi kusan sau 50, bakin ba kawai ɗan goguwa yake yi a hankali ba, ɓantarewa yake yi ya bar ƙananan giɓi, musamman idan gashin ya lanƙwashe ya haɗu da bakin a karkace a daidai wurin da ƙarfen yake da rauni. Da zarar tsaga ta fara, sai ta ci gaba da faɗaɗa a aski na gaba. Giɓi kuwa ƙarfe ne da ya riga ya tafi, kuma robar da ta fi gashi taushi ba ta da yadda za ta cike shi ko ta kankare gefensa har sabon baki ya fito. Don haka kalmar wasawa da ake sawa a tallar wannan faifai ta wuce abin da yake iya yi.

Abin da ya fi ƙara wa reza kwana, bisa abin da na lura da shi, yana faruwa ne tun kafin ta taɓa fuska. Gemun da aka jiƙa da ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku, aka kuma lulluɓe shi da kumfa mai kauri, yana yankuwa da ƙarfi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da busasshe, saboda gashi yana tsotse ruwa ya yi laushi. Idan gemun ya yi tsawo, rage shi da almakashi ko injin aski kafin a sa reza yana sauƙaƙa wa bakin aiki sosai. Sannan a bar nauyin mariƙin ya yi aikin ba tare da dannawa ba, a riƙa jan gajeren zango, a kuma raba aikin tsakanin bakunan biyu maimakon a gajiyar da ɗaya. Buga kan rezar a jikin abin wanke hannu don kakkaɓe gashi ɗabi'a ce da ya kamata a bari, domin tana iya lahanta bakin da mariƙin baki ɗaya.

Bayan aski kuwa, a ɗan sassauta mariƙin a ɗauraye da ruwa mai gudu har dattin da ke ƙarƙashin murfi ya fita, a kakkaɓe ruwan, a ajiye a wuri mai iska nesa da tururin banɗaki. Ƙarfe mara tsatsa yana jure danshi ne kawai, ba wai danshi ba ya taɓa shi ba, kuma bakin da ya yi siriri haka shi ne wurin da lalacewa ke farawa. Tsoma kan rezar a cikin sipirit yana korar ruwan ya bushe nan take, kuma wannan ya yi mini kusan duk abin da faifan ya yi, ba tare da an taɓa bakin ba. Wasu suna ajiye ta a cikin man jarirai, wanda shi ma yana hana danshi, sai dai yana barin maiƙon da sai an wanke kafin aski.

Nau'in rezar ma yana da tasiri. Feather ta Japan ta shahara da tsananin kaifi tun askin farko, yayin da Astra da Derby suka fi sauƙi a fata ga mutane da yawa, kuma yadda kowacce ke daɗewa ya danganta da kaurin gemun mutum da yawan zagayen da yake yi a kowane aski. Mai gemu mai tauri da murɗewa zai canza reza da wuri fiye da mai gashi mai laushi, ko da faifai ko babu. Alamar da ta fi dacewa a bi ita ce fata: idan reza ta fara jan gashi bayan an wanke ta sarai, ko ta fara barin zafi da ƙuraje, to lokacinta ya yi, kuma ci gaba da ita yana tilasta wa mutum dannawa da maimaita wuri ɗaya, abin da ke jawo yanka.

Faifan zai amfani mai amfani da reza mai jerin bakuna, wadda datti ke cushewa a tsakaninsu kuma ba a iya kwance ta a wanke, haka nan wanda ruwansa ke barin farin datti mai yawa zai ga ɗan bambanci. Mai reza mai baki biyu kuwa, wadda ake buɗe ta a ɗauraye cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba na ba shi shawarar saya. Kuɗin da zai kashe a kansa ya fi kyau ya sa shi a buroshi da sabulun aski mai kumfa sosai, da ɗan gwangwani mai murfi na tara tsofaffin rezoji domin kada su yanki mai kwashe shara.