Nigerian Idol da The Voice Nigeria: a ina adalcin yake tsayawa?

Mai bin gasar waƙa ta talabijin daga Birnin Kebbi ko Yawuri, shirye-shirye biyu ya fi sani: Nigerian Idol da aka fara a 2010, da The Voice Nigeria da ta zo a 2016. Dukansu aro ne, na farko daga Ingila, na biyu daga Holan. Wajen haske da sauti da ƙwarewar makaɗa ba su da makusa. Maganar adalci ce ke son a zauna a kanta.

Matakin farko na The Voice shi ne mafi tsafta a duka gasannin. Alƙalai huɗu suna zaune sun ba mawaƙi baya, ba sa ganin fuska ko sutura, murya kawai suke ji. Wanda ta burge sai ya danna maɓalli kujerarsa ta juyo, in kuma fiye da ɗaya suka juyo, mawaƙin ne ke zaɓar wanda zai bi. Amma kowane alƙali yana da adadin gurbin da zai cike, don haka wanda aka kira a ƙarshe, bayan gurabe sun kusa ƙarewa, yana iya fin na farko murya kuma kujera ta ƙi juyowa. A zagayen karawa ma akwai gyara: mutum biyu ake ba waƙa ɗaya, kuma alƙalinsu ne ke zaɓenta. In waƙar ta zauna daidai a maƙogwaron ɗaya, ɗayan kuma sai ya yi ta miƙa wuya kafin ya kai, to an gama hukunci tun kafin a buga ganga.

Nigerian Idol kuwa da ɗan gajeren bidiyo ake shiga ta intanet, sannan a tsaya gaban alƙalai ido da ido, a tace, a fitar da waɗanda za su hau dandali kai tsaye. Daga nan alƙalai sai dai sharhi, ƙuri'ar masu kallo ce ke yanke wanda zai tafi gida.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun da shirin ya dawo bayan hutu a tashar Africa Magic a 2021, ana zaɓe ta shafinsu na intanet da manhajojin MyDStv da MyGOtv, kuma yawan ƙuri'ar da mutum ke da ita a manhajar ya danganta da tsarin da yake biya duk wata. Mai babban tsari ya fi mai ƙarami nesa ba kusa ba. Gidan da mutum goma ke zagaye da dikoda ɗaya, rabon dikoda ɗaya ke gare su. Wanda ke ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ko wanda data ta ƙare masa kafin a rufe zaɓe, bai da ta cewa. Abin da ake aunawa ya koma yawan magoya baya masu hali, ba daɗin murya ba. A gasar kamun kifi ta Argungu, in an fito daga kogin Matan Fada, kifi ake ɗorawa a sikeli kowa na gani, ba mai gardama. Haka ya kamata a yi: a raba maki tsakanin alƙalai da jama'a, a ba kowace lambar waya ƙuri'a daidai wa daida, a kuma nuna alƙaluman a allo duk mako.

Sai kuma mudun da ake awo da shi. Alƙalan na sauraron nisan da murya ke kai wa sama da ƙasa, da iya lanƙwasa ta a kan gaɓa ɗaya. Waƙarmu ba a nan ƙarfinta yake ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, in ka ja gaɓa yadda ka ga dama ma'anar kalmar na iya sauyawa. Gwanintar irin su Musa Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo tana cikin azanci, da zaman magana a kan kiɗa, da yadda jagora ke miƙa wa 'yan amshi su karɓe. Tsarin da ke tsayar da mutum shi kaɗai ya rera waƙar wani cikin minti biyu ba zai taɓa ganin wannan ba, kuma abin takaici ne ƙwarai.

Duk da haka ina ba matashin da ya yarda da muryarsa shawarar ya gwada, musamman The Voice in an buɗe shiga. Sai dai ya sani ba situdiyo ba ne, babu na'urar da za ta daidaita masa murya. Ya yi atisaye da mai fiyano har ya gano ma'aunin da muryarsa ke zama ba tare da ƙaƙari ba, ya riƙe waƙa uku a ka, ɗaya ta Hausa, ɗaya ta Turanci, ɗaya mai sanyi. Wurin ɗaukar bidiyo ya samu ɗaki mai darduma da labule don kada sauti ya riƙa dawowa, a kashe fanka da janareto, a kafa waya daidai fuska kamar taku biyu daga gare shi, haske na dukan fuskarsa ba bayansa ba. Kada ya ɓata lokaci a gaisuwa, ya fara da baitin da ya fi ƙarfi, domin masu tacewa bidiyo ne jibge a gabansu.